Yadda Ake Yinin Tsintar Katantanwa a Tsibirin Sanibel

Kafin ka tsai da ranar zuwa tsibirin Sanibel, wanda ke kudu maso yammacin jihar Florida a Amurka, fara neman jadawalin cikowa da janyewar teku na makon. Ana samunsa a intanet da jaridun tsibirin. Duk abin da za ka yi a ranar, tun daga tashi barci har cin abincin rana, a kan jadawalin nan zai rataya, domin katantanwa da makankarai suna fitowa fili ne idan ruwa ya ja baya. Lokacin da kake nema shi ne awa guda kafin janyewar ta kai ƙarshe, zuwa awa guda bayanta. Mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya san ranakun da ruwa ya fi ja da nisa: farkon wata da tsakiyarsa. In kuma ka samu zuwa tsakanin Disamba da Maris, bayan iskar sanyi ta arewa maso yamma ta kaɗa kwana ɗaya ko biyu, to ka dace, don a irin wannan lokaci teku kan kwaso abin da ke ƙasansa ya zube a gaɓa.

Abin da ya sa Sanibel ta yi suna a wannan harka shi ne kwanciyarta. Yawancin tsibiran wannan gaɓa sun miƙe ne daga arewa zuwa kudu, ita kuwa ta gitta daga gabas zuwa yamma, tsawon kusan kilomita 19, ta ɗan lanƙwasa kamar ƙwaryar da aka tara a ƙarƙashin indararo. Duk abin da igiyar ruwa ta turo daga mashigin tekun Meziko, a jikinta yake tsayawa. Ƙasan tekun wajen kuma shimfiɗaɗɗe ne marar zurfi, shi ya sa ƙwanso ke mirginowa a hankali ya iso bai fashe ba. Fiye da iri 250 ake samu. Mutanen Kalusa, waɗanda suka zauna a yankin tun kafin zuwan Turawan Sifaniya, da waɗannan ƙwansuna suke yin guduma da abin sassaƙa, har tuddai suka tara da su.

Kayan tafiya ba su da yawa: jakar raga wadda yashi da ruwa za su zube ta cikinta, ƙaramin gwangwani mai murfi don masu saurin karyewa, takalmin roba mai rufe yatsu, malafa, ruwan sha, da man kariya daga rana. Ƙara da maganin ƙwari, saboda akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da asuba da magariba waɗanda ido ba ya ma ganinsu sosai. Darduma ma ta shiga mota. Sannan ka duba sanarwar hukumar kula da kifi da namun daji ta Florida kan abin da suke kira jan ruwa, wato yaɗuwar wani gansakuka mai guba da ke kashe kifi yana sa mutane tari. In ya sauka a gaɓar, ɗage tafiyar.

Daga birnin Fort Myers ake shiga, ta doguwar gada mai kusan kilomita 5 da aka fara buɗewa a 1963, kuma mai shiga yana biyan kuɗin hayewa. Wannan gadar ce guguwar Ian ta datse a ranar 28 ga Satumba 2022, ta raba tsibirin da sauran ƙasa na makonni. An gyara ta, amma wasu shaguna da gidajen abinci na da ba su dawo ba, don haka tabbatar wurin da kake son zuwa yana buɗe. Yi sammako. Wuraren ajiye mota a bakin ruwa na kuɗi ne, kuma a lokacin sanyi kafin hantsi sun cika.

Sai zaɓen gaɓa. Da ka sauka daga gada, hagu za ta kai ka gaɓar da ke gindin hasumiyar fitila ta ƙarfe wadda aka fara kunnawa a 1884. Nan ƙananan katantanwa suka fi yawa, kuma ya fi sauƙi ga mai tafe da yara. Gaɓar Bowman tana can yamma, sai an taka daga wurin ajiye mota, saboda haka ba ta da cunkoso. Blind Pass kuwa, mashigar da ta raba Sanibel da tsibirin Captiva, ita ke tara manya, amma ruwanta na da ƙarfin ja. Ka tsinta a gefe, kada ka yi iyo a wurin.

Sabon zuwa yakan ruga kan babban tarin da ya fara gani ya hau cika jaka, ya dawo da fasassu. Wanda ya saba yana bin layi uku. Na farko shi ne layin da cikowar dare ta tsaya, inda za ka ga ciyawar teku da tarkace sun yi jeri. Ɗaga ciyawar a hankali, ƙanana masu kyau a ƙarƙashinta suke maƙalewa. Na biyu shi ne daidai inda igiyar ruwa ke karyewa, wurin da yashi ya ɗan yi gangara. Manyan ƙwansuna kan tsaya nan saboda nauyi, sai ka shiga ruwa iya ƙwauri ka laluba. Na uku shi ne tsibin yashi da ƙananan kududdufai da janyewa ta bari. Idan ka shiga ruwa, musamman a watannin zafi, ja ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, domin akwai wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke kwanciya cikin yashi. In ya ji motsi zai gudu, in ka taka shi zai soke ka. Tafi a hankali, rana a bayanka, ka duƙa. Yawancin aikin duƙawa ne, kuma bayan awa biyu ƙugu zai shaida.

Duk abin da ka ɗauka, juya shi ka leƙa ciki kafin ya shiga jaka. In akwai nama, ko wani ɗan marfi mai tauri ya toshe bakin, ko ka ga ƙafafun ƙaramar ƙaguwar da ke fakewa a ƙwanson da mai shi ya mutu, to da rai a ciki. Mayar da shi ruwa, ajiyewa a hankali, ba jifa ba. Tun 1995 doka ta hana ɗaukar mai rai a Sanibel, har da tauraron teku da faifan yashi, wanda in yana da rai za ka gan shi da launin ƙasa-ƙasa da gashi mai laushi, in ya mutu kuma ya yi fari fat. Akwai tara mai nauyi, amma ni ba tarar ce ke gabana ba. Dabbar nan shekaru ta yi tana gina gidanta, kuma ita ce za ta haifi waɗanda 'ya'yan wani za su zo tsinta. Kashe ta don ado a kan kanta zalunci ne. Haka nan daga tsakiyar Afrilu zuwa Oktoba kunkurun teku na nasa ƙwai a wannan yashi: kauce wa duk inda aka kewaye da igiya, in yara sun haƙa rami kuma a cike shi.

Abin da kowa ke fatan samu shi ne junoniya, fara mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, wadda ke rayuwa a ruwa mai zurfi, ba kasafai take isowa gaɓa ba. Wanda ya tsince ta har hotonsa akan buga a jaridar tsibirin.

Da ruwa ya fara dawowa, aikin gaɓa ya ƙare, lokacin ciki ya yi. Gidajen abinci suna jere a kan titin Periwinkle. Nemi abin da aka kamo a wannan ruwan: kifin gurufa, fari mai tsoka, gasasshe ko soyayye cikin burodi, da jatan lande mai ruwan hoda. In zuwanka ya faɗo tsakanin 15 ga Oktoba da 1 ga Mayu, ɗanɗani hannun ƙaguwar dutse, wanda ake ci da sanyi. Masunta hannun kawai suke cirewa su mayar da ƙaguwar ruwa ta tsiro wani. Yana da tsada, faranti guda ya isa a raba. Musulmi ya yi tambaya biyu kafin a kawo abinci: ko an kwaɓa fulawar suyar kifi da giya, ko kuma an sa naman alade a miyar makankari, don dukansu biyu sananne ne a girkinsu. Gasasshe ya fi kwanciyar rai. Rufe da kek ɗin lemun tsami na Florida, ka kuma tuna ana bar wa mai kawo abinci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin.

Zafin azahar a gidan tarihin katantanwa na Bailey-Matthews ya kamata ya same ka. Nan za ka gane sunayen abin da ke jakarka. In da sauran ƙarfi, zaga gandun tsuntsaye na Ding Darling da mota, sai dai hanyarsa a rufe take ranar Juma'a.

A gida, kada ka bar jakar ta kwana a mota, wari zai kama kujeru. Ɗauraye ƙwansunan da ruwan famfo, ka jiƙa su 'yan awoyi a ruwan da aka haɗa da bilic rabi da rabi, ban da masu sheƙi, don bilic na dusashe su. Goge da tsohon buroshin haƙori, shanya, sannan ka shafa ɗan man jarirai launinsu ya fito. Faifan yashi kuwa minti kaɗan ya ishe shi a bilic. In ya bushe, shafa masa farin gam da aka sirka da ruwa don ya yi ƙwari, ka naɗe kowanne daban cikin auduga kafin ya shiga akwati.