Idan garkuwar jiki ta yi rauni

A cikin jinin kowane mutum akwai dakaru masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Likitoci suna kiran wannan tsaro garkuwar jiki. Idan ta yi rauni, cutar da ba ta kai ta kawo ba sai ta kwantar da mutum.

Raunin garkuwa iri biyu ne. Akwai wanda ake haihuwar yaro da shi, amma ba shi da yawa. Akwai kuma wanda ke samun mutum daga baya. Da an faɗi haka, hankalinmu yakan tafi ga Sida. Gaskiya ne ƙwayarta tana cinye dakarun jini sannu a hankali, kuma akwai maganin danne ta a asibiti. Amma a nan Magarya da Dungas, babbar mai karya garkuwar yaranmu ita ce tamowa.

Mun san lokacinta. Daga Yuli zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba, sauro ya yi yawa. Yaron da ba ya ƙoshi, dakarunsa ba su da ƙarfi. Zawo ya kama shi, ya ƙi abinci, ya ƙara ramewa, sannan masassara ta iske shi kwance. A damanar 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labarin cewa wajen yara 10 ne ke rasuwa kowace rana a asibitin Magarya, mafi yawansu saboda masassarar cizon sauro da tamowa.

Ƙyanda ma ɓarauniya ce. Ko yaro ya warke, takan sa jikinsa ya manta cututtukan da ya riga ya koyi yaƙi da su. Shi ya sa ake yin allurarta a wata 9, a sake ta biyu daga baya.

Mu lura da zawon da ya wuce mako biyu, da tari mai tafiya yana komowa, da farin abu a harshe kamar kindirmo, da mikin da ya ƙi warkewa, da kumburin ƙafafu. Kada mu jira sai jiki ya yi zafi. Yaro mai tamowa yana iya ɗauke da cuta mai tsanani alhali jikinsa da sanyi, domin ba shi da ƙarfin yin zazzaɓi.

Mu auna damtsen yaro da igiyar awo mai launi uku. In ta nuna ja, a kai shi asibiti a ranar.