Koyar da Al'adun Duniya ta Hanyar Girke-girke da Sana'o'in Hannu Bayan Tashi Daga Makaranta

1.0 Gabatarwa

Al'ada ita ce sababbiyar hanyar rayuwar al'umma, wadda ta ƙunshi abinci da sutura da muhalli da sana'o'i da bukukuwa da sauran abubuwan da jama'a suka gada. Sau da yawa idan malamin firamare ya zo koyar da al'adun wasu ƙasashe, sai ya rubuta sunayensu a kan allo, yara su kwafa su haddace, su manta da zarar an gama jarrabawa. Wannan darasi zai nuna wa malami mai neman sanin makamar aiki yadda zai yi amfani da lokacin bayan tashi daga makaranta ya koyar da al'adun duniya a aikace. An ɗauki ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo na yammacin Jihar Kano a matsayin misali. Jigon darasin shi ne, al'adun duniya sun daɗe da shigowa tukunyar Bahaushe da sana'arsa, don haka daga gidan yaro ake fara tafiyar.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) zaɓar lokacin da ya dace da irin wannan aiki a karkara;
(b) kawo misalan abinci da sana'o'in Hausawa masu alaƙa da wasu ƙasashe;
(c) tsara darasi guda na aikace tare da kiyaye lafiyar yara da mutuncin al'adun jama'a.

3.0 Zaɓen Lokaci

Yaro a garuruwa irin su Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo, ko Garo da Gude a ƙasar Kabo, ba ya rasa abin yi bayan an tashi daga boko. Akwai Islamiyya ko makarantar allo, akwai aike da ɗiban ruwa, wasu 'yan mata na da talla, da damina kuma gona tana jiran kowa. Malamin da ya yi biris da wannan tsari zai ga iyaye sun janye 'ya'yansu tun a makon farko. Yammacin Alhamis ya fi dacewa, domin bisa al'ada makarantun allo suna hutu a ranar. Sa'a ɗaya da rabi a mako ta wadatar. Lokacin kaka zuwa rani ya fi sauƙi, saboda hatsi ya zo gida kuma aikin gona ya ragu. A watan azumi sai a jingine girki a koma ga sana'ar hannu. Wajibi ne a nemi amincewar shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, a kuma sanar da mai unguwa kafin a fara.

4.0 Duniya a Cikin Tukunya

Masara da gyaɗa da rogo da barkono da tumatir da dankali, duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne. Sun bazu zuwa Afirka bayan tafiyar Kolambus ta shekarar 1492, galibi ta hannun fataken Fotugal. Yaron da ya ji cewa ƙuliƙulin da yake ci ya samo tushe daga Amurka ta Kudu zai so a nuna masa wurin a taswira.

Harshe ma shaida ne. Kalmomin alkama da albasa da sukari da shayi da alkubus da gurasa duk aro ne daga Larabci, kuma suna tuna mana da cinikin da ya haɗa Kano da Arewacin Afirka ta hamadar Sahara. Shi kuwa ganyen shayi daga ƙasar Sin ya fito, can ne kuma tushen sunansa. Tanderun da matan Jakara a birnin Kano suke gasa gurasa a cikinsa ɗan'uwan murhun ƙasa ne da ake gasa burodi a Indiya da Pakistan da Iraƙi, har sunayensu sun yi kama.

Akwai kuma kamannin da ke nuna cewa buƙatar ɗan'adam ɗaya ce. Tuwon masara shi ne ugali a Kenya da Tanzaniya, shi ne sadza a Zimbabuwe. A kudancin Indiya ana soya wata waina ta ƙullun shinkafa mai suna paniyaram a kasko mai gurabu kamar tanda. Ƙosai, wanda Yarbawa ke kira akara, ya ƙetare teku tare da bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma, ga shi har yau mata suna sayar da shi a Bahiya ta ƙasar Barazil. Ta wannan ƙosai kaɗai malami zai iya gabatar da tarihin cinikin bayi ga 'yan aji shida.

5.0 Duniya a Cikin Sana'a

Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana amfani da baba da toka wajen samar da shuni. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya bayyana yadda ake kai tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus. Dabarar ɗaure ƙyalle kafin a tsoma shi a rini ita ce adire a Abekuta, ita ce shibori a Japan. A Indunusiya kuwa da kakin zuma ake zana ƙyalle kafin a rina, ana kiransa batik, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da aka gada a 2009. Atamfar da iyayen yaran suke ɗaurawa ta samo asali ne daga kwaikwayon batik da masaƙun ƙasar Holan suka yi a ƙarni na 19. Haka nan lallen da ake yi wa amarya a Kabo ana yin sa a Maroko da Sudan da Indiya, kowa da irin zanensa.

A wajen aiki da yara a guji sinadaran rini na kanti masu ƙuna. Zoɓo da ɓawon albasa da karan dafi da kurkur sun isa su ba da launi a kan tsohon farin ƙyalle. Kaba da kara da yumɓu da ƙwarya kuwa duk ana samunsu a ƙauye ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

6.0 Samfurin Darasi

Aji: biyar na firamare. Batu: waina a Gwarzo da Indiya. Kayan aiki: tanda, ƙullun shinkafa da ya kwana, mai, murhu, taswirar duniya, ruwa da sabulu.

Mataki na 1: Malami ya tambayi yara yadda ake yin waina a gidajensu, da lokutan da ake cin ta.
Mataki na 2: Yara su wanke hannu, a raba su rukuni-rukuni. Wata uwa mai sana'ar waina da aka gayyato ita za ta kula da wuta da mai, yara su dama ƙullu su lura.
Mataki na 3: Malami ya nuna Nijeriya da Indiya a taswira, ya bayyana wainar can, wadda ake haɗa ƙullunta da wani baƙin wake.
Mataki na 4: Yara su faɗi inda aka yi kama da inda aka bambanta, sannan a ci tare.
Mataki na 5: Kowa ya rubuta jimloli biyar da Hausa game da abin da ya koya.

7.0 Abubuwan Kiyayewa

Babban haɗarin wannan darasi shi ne ya rikiɗe ya zama dandalin raha da abincin wasu. Yaron da ya saba cewa abincin wata ƙabila ƙazanta ne zai girma da raina masu cin sa, alhali zai zauna da su a kasuwa da makarantar gaba da wurin aiki. Malami ya tsawatar da irin wannan furuci nan take, ya tuna wa yara cewa daddawar da muke ƙauna baƙo na iya toshe mata hanci, domin abincin wani gubar wani. Idan akwai 'ya'yan Fulani ko Ibo ko Yarbawa a ajin, a ba su dama su gabatar da nasu cikin girmamawa, kada a tilasta musu.

Sauran abubuwan kula su ne: a zaɓi abincin da ya halatta ga kowa a ajin, a tambayi iyaye ko akwai abin da jikin yaro ba ya karɓa, musamman gyaɗa, kada yaro ya kusanci tafasasshen mai ko wuƙa, kada a ɗora wa iyaye kuɗi, gwangwanin shinkafa daga wanda ya samu ya isa. Idan yara maza suka ce girki aikin mata ne, a tuna musu da mai shayi da mai tsire na bakin tasha.

8.0 Kammalawa

An ga cewa malami a Gwarzo ko Kabo yana da kayan koyar da al'adun duniya a madafar gidan ɗalibansa da kasuwar garinsu. Abin da ake buƙata daga gare shi shi ne ya san tarihin waɗannan kayayyaki, ya zaɓi lokacin da iyaye za su yarda da shi, ya kuma bi ƙa'idar koyarwa ta tashi daga abin da yaro ya sani zuwa wanda bai sani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi girmama abincin baƙo a aji biyar zai fi saurin girmama baƙon kansa idan ya girma.

9.0 Auna Fahimta

1. Kawo amfanin gona guda biyar da suka zo mana daga nahiyar Amurka.
2. Bayyana alaƙar atamfa da ƙasar Indunusiya.
3. Me ya sa yammacin Alhamis ya dace da wannan aiki?
4. Tsara darasi irin na sama a kan rini ko lalle, ka gwada shi a lokacin koyon aikin koyarwa.