Takardar VIO da Lafiyar Mota

Wani manomi daga Ɗambatta yana tambaya: in dillalin mota ya nuna masa takardun VIO (jami'an duba lafiyar mota) na shekara da shekaru, ya isa shaidar motar lafiya lau take?

To Malam, Allah ya ƙara buɗi. Bai isa ba. Takardar nan ba ta wuce shekara ɗaya, kuma sau da yawa akan sabunta ta ba tare da an ɗaga murfin injin ba. A Ingila kuwa, gwajin lafiyar mota na MOT, wanda aka fara a 1960, yana ajiye nisan tafiyar mota da lahaninta a intanet, kowa na iya dubawa. Takardarmu ba ta kawo wannan bayani.

Amma kar ka raina ta. Gwada lambar chassis ɗin takarda da wadda ke jikin mota, alamomi 17 ne. In ɗaya ta saɓa, riƙe kuɗinka.

Sannan tafi da bakanikenka da sassafe, kafin a ɗumama injin. A tayar a gabanka. Shuɗin hayaƙi na nufin tana cin baƙin mai. Bakaniken ya leƙa ƙarƙashinta ya nemo tsatsa da sabon walda, tunda buhunan taki da gero za ta ɗauka a hanyar burji.