Darasin Kirsimati: Bege A Baitalahmi

Karatu: Luka 2:1-35, Matta 2:13-18
Ayar haddacewa: Romawa 15:13

1. Garin a zamanin Yusufu da Maryamu

Sa'anda aka haifi Ubangijinmu, ƙasar Yahudiya tana hannun Romawa, gama sun ci Urushalima a shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu. Umurnin Kaisar Augustas ne ya ta da Yusufu daga Nazarat, da Maryamu tana da ciki, domin a rubuta su. Bayan haihuwa kuma Hirudus ya sa aka karkashe yara maza na Baitalahmi, Yusufu ya gudu da iyalinsa Masar. A cikin wannan wahala ne Kalma ya zama mutum.

2. Garin a zamaninmu

Baitalahmi tana nan har yau, wajen mil 6 kudu da Urushalima. Mutanenta Falasɗinawa ne, Musulmi da Kirista. A yaƙin 1967 Isra'ila ta mamaye Yammacin Kogin Urdun, inda garin ya ke. A 1995 aka danƙa harkokin garin ga hukumar Falasɗinawa, amma hanyoyin da ke kewaye da shi suka zauna a hannun sojojin Isra'ila. A 2002 aka soma gina ganuwa, mai son zuwa sujada Urushalima kuwa sai da takardar izini. Masu bi da yawa sun yi ƙaura, har suka zama kaɗan a garin da dā su ne mafi yawa.

A 2023, saboda yaƙin Gaza, shugabannin ikilisiyoyi suka ce a bar shagalin Kirsimati, amma ba a bar sujada ba. A majami'ar Lutheran, Fasto Munther Isaac ya kwantar da siffar jariri Yesu cikin ɓaraguzan gini maimakon sakarkari, domin ya nuna Immanuwel yana tare da waɗanda aka rushe wa gida.

3. Begen mai bi

Ku lura da Siman. Ya rungumi yaron, ya yabi Allah domin ya ga ceto, alhali kuwa ƙasar tana hannun Romawa. Begensa ya tsaya a kan alkawarin Allah, wanda umurnin sarakuna ba ya iya warwarewa. Bulus ya koya mana bege yana jiran abin da ido bai gani ba tukuna, da haƙuri (Romawa 8:24-25). Wannan haƙuri ba zaman banza ba ne: 'yan'uwanmu can suna riƙe da makarantu da asibitoci, suna neman gaskiya da salama.

Tambayoyi

1. Me ya kawo Yusufu da Maryamu Baitalahmi?
2. A kan me begen Siman ya tsaya?
3. Idan an hana mu biki, me zai rage na Kirsimatinmu?

Addu'a: Mu roƙi Allah ya ƙarfafa masu bi na Baitalahmi da Gaza, ya ba Falasɗinawa da Isra'ilawa salama mai adalci.