Amsoshin Tambayoyinku: Zoben Daimon Ko Na Zinari Zalla?

Tambayarmu ta wannan makon ta fito ne daga wani matashin ɗan kasuwa da ke zaune a unguwar Zariya, cikin birnin Maraɗi. Ya ce an sa masa rana da wata yarinya 'yar Tsibirin Gobir, kuma ya lura tana sha'awar irin zobban nan masu dutsen daimon da ake gani a waya. Akwai abokinsa da zai tafi Dubai saro kaya, yana so ya ba shi sautu. Abin da yake son sani shi ne: yaya ake gane daimon mai kyau, a kan wane irin zobe ya kamata a dasa shi, kuma shin gaskiya ne daimon ya fi zinari zama ajiya?

Madalla, ɗana, Allah ya sanya alheri. Matambayi ba ya ɓata, kuma ka kyauta da ka tambaya tun kuɗin suna aljihunka. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce za ta yanke yawan abin da ya dace ka ba da sautun.

A ƙasarmu zinarin mace ado ne, kuma asusu ne. Ranar da larura ta taso, ko rashin lafiya, ko jari ya karye, sai ta ciro 'yan kunnenta ko awarwaronta ta kai wa mai zinari. Ya goga a dutsen gwaji, ya ɗora a sikeli, ya biya bisa farashin giram na ranar. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne zinari farashinsa ɗaya ne sananne a duniya, kuma mu nan Nijar masu haƙo shi ne. Ma'adinar Samira ta yankin Tillaberi ta fara aiki a 2004, zinarin Jado ya bayyana a 2014, a 2021 kuma ga shi a Ɗan Isa, cikin jiharmu ta Maraɗi. Don haka masu sayensa ba su da wuyar samu.

Daimon, wanda wasu ke kira lu'ulu'u, ba haka yake ba. Ba a haƙo shi a Nijar, kuma ba shi da farashin giram. Kowane dutse da kuɗinsa, kuma sai gwani mai kayan aiki ne ke iya yi masa ƙima. Idan amaryarka ta kai zoben daimon kasuwa, abin da ya fi yiwuwa shi ne mai saye ya ɓamɓare dutsen ya miƙo mata, ya auna zinarin ya biya kuɗinsa kawai. Ko a Turai, inda ake da masu sayensa, wanda ya mayar da daimon ɗin da ya saya a kanti ba ya samun kusa da abin da ya biya. Kamar sabon babur ne, yana fita daga shago ya zama na hannu. Masu cewa daimon ajiya ce sun duba ƙarkonsa ne, kuma nan sun yi gaskiya, ba ya tsatsa, ba ya tsufa. Sai dai ƙarko daban, samun mai saye ranar buƙata daban.

Za ka so ka san inda al'adar zoben daimon ta samo asali. Ana yawan ambaton shekarar 1477, lokacin da wani yariman Ostiriya, Maximilian, ya ba Mary ta Burgundy zoben daimon don neman aurenta. Amma abin ya tsaya ne a gidajen sarauta da na attajirai. Bayan an gano daimon mai yawa a Kimberley ta Afirka ta Kudu wajen 1871, aka kafa kamfanin De Beers a 1888, ya riƙe kusan dukkan kasuwar. Daga 1938 kamfanin ya ɗauki masu talla a Amurka, suka yi ta cusa wa samari cewa neman aure ba ya cika sai da daimon. Maganar nan da za ka ji cewa wai sai an kashe albashin wata biyu a zobe, daga tallan ta fito. Ba ta cikin addini, ba ta cikin al'adarmu. Na kawo maka wannan ne don ka saya da kwanciyar rai, in ka ga dama, ba don kana jin wajibi ne ba. Kyautar da za ta faranta wa mace rai abu ne mai kyau, kuma ina goyon bayanka a kai.

To, mu zo ga dutsen kansa. Daimon sinadarin kabon ne zalla, wato abin da ke cikin gawayi, amma wanda zafi da dannewa suka dunƙule a can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomita 150 ko fiye. Masu sana'ar suna duba abubuwa huɗu, bisa tsarin da cibiyar GIA ta Amurka ta shimfiɗa wajen 1953: nauyi, launi, tsabta da yanka.

Nauyin ana auna shi da karat, kuma a nan mutane ke rikicewa, domin zinari ma da karat ake ambatonsa. Karat ɗin daimon nauyi ne: karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Dutse mai zagaye na karat ɗaya faɗinsa wajen milimita 6.5 ne, na rabin karat kuma milimita 5 da 'yan kai. Ka ga a ido bambancin bai kai yadda lissafi ya nuna ba, amma a kuɗi babba ne, domin manyan duwatsu sun fi ƙaranci, farashin ba ninki biyu kawai yake yi ba. Karat ɗin zinari kuwa tsantsa yake nunawa: 24 shi ne zalla, sauran an gauraya su da jan ƙarfe ko azurfa.

Launi ana jera shi da haruffa daga D zuwa Z. D shi ne fari tas, kana sauka yana ɗaukar ɗan ruwan ɗorawa. Idan zoben na jan zinari ne irin wanda iyayenmu suka sani, kada ka biya kuɗin D ko E, domin launin zinarin zai shiga dutsen ko ta yaya. Tsakanin G da J ya wadatar. Tsabta kuwa ana nufin ƙananan tabo da ke cikin dutsen, waɗanda ake dubawa da gilashi mai ƙara girma sau goma. Tabon da sai da gilashi ake ganinsa ba zai dami kowa a gidan biki ba. Matakin da ake rubutawa VS ya isa, SI1 ma sau da yawa ido ba ya ganin komai a cikinsa, in dai an duba.

Inda nake so ka tsaya ka kashe kuɗi shi ne yanka. Daimon ɗin da aka haƙo ɗanye ba ya walƙiya sosai, mai yanka ne ke fito da hasken. Yankan zagaye da aka fi sani yana da fuskoki 57 ko 58, kuma tun 1919 wani masani ɗan Beljiyam, Marcel Tolkowsky, ya lissafa kusurwoyin da ke sa hasken da ya shiga ta sama ya juyo ya fito ta sama. In an yanka dutsen da zurfi fiye da ƙima, ko ya yi faɗi ba zurfi, hasken yana zurarewa ta ƙasa, sai ka ga dutse babba amma dishi-dishi. Masu yanka kan yi hakan da gangan don kada su rage nauyi. Shi ya sa ƙaramin dutse mai kyakkyawan yanka ya fi babba mai mugun yanka ɗaukar ido. Ka gaya wa abokinka kada ya yanke hukunci a ƙarƙashin fitilun kanti kaɗai, domin an shirya su ne su sa komai ƙyalli. Ya matsa da shi inda hasken rana yake, cikin inuwa, ya sake dubawa.

Sai batun dashe, wato yadda ake zaunar da dutsen a kan zobe. Wanda ka fi gani a hotuna shi ne mai faratai huɗu ko shida da ke ɗaga dutsen sama, salon da kamfanin Tiffany na New York ya yi suna da shi tun 1886. Yana da kyau, haske na shiga ta ko'ina. Amma ka tuna hannun da zai sa shi. Hannu ne mai ɗaura zane da gyara mayafi, mai tuƙa tuwo, mai wanki, in an je ganin gida Tsibiri ko gonar dangi a Jiratawa ma ya taɓa tsinkar zogale. Faratan nan suna kama zaren leshi da shadda, suna buɗewa a hankali, wata rana a nemi dutse a rasa. Kuma akwai kuskuren da nake so in gyara maka: mutane na cewa daimon ba ya fashewa. Gaskiya ne babu dutsen da ya kai shi tauri wajen karce, shi ne na 10 a ma'aunin Mohs, ma'aunin taurin duwatsu. Amma in ya bugu da ƙarfi ta gefen da bai dace ba yana iya ɓantarewa. Don haka kada kowa ya ce maka a gwada shi da guduma.

Ni a ganina dashen da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ake kewaye dutsen da bakin zinari gaba ɗaya, ya zauna ƙasa-ƙasa. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu, haka maƙeran fari na Agadas ke riƙe jan dutse a zoben azurfa. Yana kare gefen dutsen, ba ya kama tufafi, kuma maƙerinmu na gida zai iya gyara shi in ya saki. In kuwa ran yarinyar na kan mai faratai, a zaɓi shida, gajeru, masu kauri. Akwai kuma wanda ake zagaye babban dutse da ƙanana don ya ƙara girma a ido, da wanda ake jera ƙananan a jikin zoben duka. Suna burgewa, sai dai ƙananan na zubewa, kuma wanda aka jera wa duwatsu zagaye ba ya karɓar ragi ko ƙari in yatsa ya canza.

Zinarin zoben kuma ka nemi karat 18. Na san iyaye mata sun fi daraja 21 da 22 na Dubai da Makka, kuma da hujjarsu. Amma zinari yana ƙara tsantsa yana ƙara laushi, mai laushi kuwa ba ya riƙe dutse da kyau. A cikin zoben za a ga hatimi: 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Lambar tana nufin kashi nawa cikin dubu ne zinari, don haka zoben giram 4 mai hatimin 750 yana da zinari zalla giram 3. Farin zinari kuwa yawanci shafe ake masa da wani ƙarfe mai suna rodiyam, yana gogewa da amfani, sai an sake shafawa. Jan ya fi sauƙin riƙo.

Yanzu maganar jabu, wadda ta fi muhimmanci ga mai sautu. Akwai duwatsu biyu da ke kama da daimon ƙwarai, zirkoniya da moisanait. Gwajin karce gilashi ba hujja ba ne, dukansu suna karce shi. 'Yar na'urar nan mai kamar alƙalami, wadda ke auna yadda dutse ke ɗaukar zafi, moisanait na iya ruɗinta. Abin dogaro shi ne takardar shaida daga cibiyar gwaji sananniya, GIA ko IGI ko HRD ta Antwerp. Takardar na da lamba, sau da yawa an zana lambar da hasken leza a ƙugun dutsen, kuma ana iya duba ta a shafin cibiyar a intanet. Abokinka ya turo maka lambar ka duba da kanka kafin ya biya. Takardar da kantin ya buga da kansa ba ita ake nufi ba. A takardar ciniki kuma a rubuta nauyin zinari daban, kuɗin dutse daban, kuɗin aiki daban, kada a auna maka dutse a farashin zinari ko a dunƙule komai a lamba ɗaya. In ka ji farashi ya faɗi ƙasa warwas, ka tuna araha ba ta ado.

Abokinka zai kuma ci karo da daimon da ake haɗawa a masana'anta. Wannan ba jabu ba ne, kabon ne iri ɗaya, tauri ɗaya, walƙiya ɗaya. Kamfanin General Electric ya fara yin irinsa a 1954, a 2018 kuma De Beers da kansa ya fito da nasa kan dalar Amurka 800 kowane karat, daga nan farashin ya ci gaba da sauka. Tunda ado kake nema ba ajiya ba, babu laifi a saye shi. Laifin shi ne a sayar maka da shi a kuɗin na haƙa, kuma takardar shaida tana bayyana ko wanne ne.

Girman yatsa kuwa ka bi ta hannun ƙanwarka ko gwaggonka ta karɓo zoben da yarinyar ke sawa a auna, a bar ɗan sarari, domin yatsa na kumbura lokacin zafi da lokacin juna biyu. Su ɗin ne kuma ya dace su kai zoben cikin kayan aure, yadda aka saba, tunda ba a ɗaura ba tukuna. A faɗa a gaban manya ko kyauta ce ko yana cikin sadaki, don kada a yi musu daga baya. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne, zinari giram ɗaya da 'yan kai, kuma sananne ne Manzon Allah (SAW) ya umarci wani sahabi ya nemo abin sadaki ko da zoben ƙarfe ne. In kai ma kana son naka zoben, na azurfa ne ya halatta ga namiji, ba zinari ba. Yarinyar kuma ka gaya mata daimon na kama maiƙo, man girki da na shafawa suna dusashe shi. Ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi sun isa, kuma ta cire shi in za ta taɓa ruwan jabel, domin yana lalata gaurayen zinarin.

Shawarata, ɗana, ka raba kuɗin gida biyu. Kaso mafi tsoka ka sa shi a sarƙa da 'yan kunne na karat 21, waɗanda za ta iya mayarwa kuɗi a Maraɗi duk ranar da ta so. Sauran ka yi zobe na karat 18, da dutsen da bai wuce rabin karat ba, mai kyakkyawan yanka, mai takarda, a kewaye shi da bakin zinari. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa jarinka saboda shi. Allah ya nuna mana ranar lafiya, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.