Kalmomin Nazarin Labari

Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da daddare yana sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya riga ya san adabi, sunayen kayan cikinsa ne kawai bai riƙe ba. Tatsuniya da karin magana da kacici-kacici su ne adabin baka, domin da baki ake gadonsu. Rubutaccen adabi kuwa kashi uku ne: zube, waƙa da wasan kwaikwayo.

Zube shi ne rubutun da ke tafiya kamar hira. Idan marubuci ne ya ƙirƙiro labarin daga kansa, sai a ce ƙagaggen labari. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar irin wannan rubutu. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Kalma ta farko da mai karatu zai riƙe ita ce jigo. Manomin rani ya san jigo, itacen nan mai guga da ake ɗebo ruwan kogi da shi. A labari kuwa, jigo shi ne babban saƙon da komai ya rataya a kansa. Jigon Shaihu Umar shi ne baƙin cikin bauta: an sace yaro, an ƙetare hamada da shi, uwa kuma ta bi sawu tana nema.

Sai tauraro, wato wanda labari ya fi tafiya a kansa. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne babban tauraro, shi ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Malam Zurƙe, abokin dambarwarsa, yana biye masa.

Zubi da tsari shi ne yadda aka jera labari, daga mafari zuwa ƙarshe. A littafin farko na Magana Jari Ce, aku ne ke ba Musa ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida. Ƙananan labarai ke nan a cikin babba.

Salo kuma shi ne hanyar da marubuci ya bi ya isar da saƙo. Wani ya zuba karin magana, wani ya sa ban dariya, wani ya faɗi magana kai tsaye.

Waƙa tana da nata kalmomin. Layi ɗaya shi ne ɗango, tarin ɗangogi shi ne baiti. Baiti mai ɗango biyar ana ce masa ɗan ƙwar biyar. Sautin da ke maimaituwa a ƙarshen baitoci kuwa shi ne amsa-amo.

Aiki
1. Kowa ya kawo tatsuniya ɗaya, ya faɗi jigonta da babban tauraronta.
2. A rubuta kalmomin nan sau uku: jigo, salo, zube, baiti.