Yadda Ake Kammala Motar Haɗin Gida Har Hukuma Ta Yarda Ta Hau Titi

A ƙasar Ingila akwai wata al'ada mai daɗaɗɗen asali, wadda mutum zai sayi mota a warwatse, shasi daban, bodi daban, ya nemo inji da giya daga wata tsohuwar Ford Sierra ko Mazda MX-5, sa'an nan ya haɗa su da hannunsa a garejin gidansa. Kuma al'adar ta yi ƙarfi ne tun 1957, lokacin da Colin Chapman ya fito da Lotus Seven yana sayar da ita a warwatse, domin harajin saye na wancan zamani bai hau kan motar da ba a haɗa ba, har kamfanin Caterham ya karɓi ƙirar a 1973. Maganata a nan da kai nake yi, ya ɗan'uwa, wanda injinka ya zauna, tayoyi huɗu suka taka ƙasa, kana zaton aiki ya ƙare, alhali kuwa abin da ya rage, ko da yake kaɗan ne a ido, shi ne ke raba motar da ke tafiya da wadda ke ruɓewa ƙarƙashin tamfol.

Farillar farko ita ce ka mallaki littafin ƙa'idojin gwajin IVA, wanda hukumar DVSA ke gudanarwa kafin a yarda motar ta hau titi, gwajin da ya maye gurbin na dā a 2009, ka karanta shi babi babi kana tsaye kan motar. Kyauta yake a intanet. Wanda duk ya ce maka ka gama tukuna ka duba littafin daga baya, kada ka saurare shi, domin bayan an rufe bodi an yi fenti, gyaran kuskure guda yakan tilasta kwance rabin motar. Ka riƙa ɗaukar hoton kowane mataki, ka adana kowane rasit, don su ne hujjarka cewa kai ka haɗa ta. Ka kuma nemi shaidar shekarar injin a rubuce, saboda da ita ake yanke ma'aunin hayaƙin da za a yi maka hukunci da shi.

Wayoyi da bututun mai ba su da wuya: a ɗaure su kada tazara ta wuce santimita 30, kada su gogi ƙarfe, kada su kusanci salansa, kuma duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Noti kuwa, ni ba na yarda da kowanne a ƙafar mota sai Nyloc sabo, wanda zaren ƙusar ya leƙo ta bayansa. Inda ba ya shiga, ɗigon Loctite ya wadatar.

Birki ne ya cancanci a zauna a kansa, domin a nan rai yake. Ka yi bututunsa da gamin tagulla da nikel, wanda ba ya tsatsa kuma yana lanƙwasuwa ba gardama. Wajen fitar da iska ka fara da tayar da ta fi nisa da tukunyar man, ka zo kusa-kusa. Idan kuwa ka yi ta yi birkin na nan taushi kamar soso, to, dubi ƙaramar ƙusar fitar da iska da ke jikin kalifa, domin a waɗannan motoci sau da yawa kalifar baya takan zauna a karkace, ƙusar ta koma ƙasa, alhali iska sama take hawa. Kwance kalifar, ka cusa guntun katako tsakanin takalmanta, ka riƙe ta ƙusar na kallon sama, wani ya taka maka, za ka ga kumfa na fita jere a cikin roba. Bayan wannan akwai sharaɗin da mutane ke jahilta, wato lalle tayoyin gaba su riga na baya kamewa, domin motar da bayanta ya fara kamewa juyawa take yi a tsakiyar hanya. Birkin da aka ƙera don Sierra mai nauyi ya fi ƙarfin bayan motar da ba ta kai kusa da nauyinta ba, shi ya sa na fi son birkin ganga a baya bisa ga na faifai, duk da cewa na faifai ya fi ƙayatarwa.

Na biyu a wahala shi ne sitiyari, wanda ake bukatar ya nemi komowa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Za ka ji masu ba da shawara suna cewa ka cika tayoyin gaba da iska fiye da kima, ka buɗe bakinsu waje, ka wuce gwaji, sa'an nan ka mai da su yadda suke. Wannan ha'inci ne, kuma wanda ake ha'inta shi ne mai tuƙin da iyalinsa. Asalin illar tana ga jinginar ƙafar gaba: wajibi ne mahaɗin sama ya ɗan koma baya da na ƙasa, kimanin digiri 5 ko sama kaɗan, kuma sau da yawa za ka tarar an musanya hannun sama na dama da na hagu, jinginar ta ɓace. Gyara wannan, ka tabbata rak ɗin sitiyarin bai ɗaure ba, ka yi alaimin a wurin masu na'ura.

Sa'an nan sai kaifi. Mai gwaji yana da ƙwallo mai faɗin milimita 100 da yake bi da shi jikin motar, kuma duk gefen da ƙwallon ya taɓa lalle ya zama mai lanƙwasa ta aƙalla milimita 2.5, don kada ya tsaga mai tafiya a ƙasa. Ka tsuguna da yamma ka bi motar da tafin hannu, daga hancinta zuwa bakin salansa. Kan noti a sa masa hular roba, gefen ƙarfe a sa masa datsin roba da gam mai kamawa, ba abin da zai faɗi washegari ba. Ƙarar salansa kada ta haura desibel 99, maleji kuma kada ya nuna ƙasa da gudun gaskiya. Lambar shasi a buga ta a jikin ƙarfen kansa.

Kuɗin gwajin fam ɗari huɗu ne da wani abu, na maimaitawa bai kai ɗari ba. Ka tafi da tanki cike, da akwatin sifana, da robobin rufe noti, domin masu gwajin sukan yi rangwame su bar ka ka gyara ƙaramin abu nan take. In an ba ka takardar shaida, sai ka aika da ita tare da rasit-rasit zuwa ofishin DVLA a Swansea, su ba ka lamba: sabuwa in kayan sababbi ne, ta shekarar tsohuwar motar in ka ɗauki manyan sassa biyu daga gare ta da hujja, ko kuwa mai harafin Q in ba a tantance asalin kayan ba. Bayan tafiyar farko ta 'yan mil kaɗan, ka ɗaga motar a jak, ka sake bin kowane noti na ƙafa da na sitiyari da sifana mai awo, ka shafa kowane mahaɗin bututun birki da farin ƙyalle ka ga ko ya jiƙe.